Ana fayilin (kafa turakun gini a cikin ƙasa) a jikin katangarmu, bango ya fara tsagewa, me ya kamata mu yi?

Ɗan Obalende

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah injiniyoyi da magina da duk wanda ya taɓa shiga irin wannan halin ina neman shawara, wallahi abin ya hana ni barci. Gidanmu na gado ne a Obalende nan Ikko, bene hawa ɗaya, marigayi mahaifinmu ya gina shi tun kafin a haife ni da kuɗin goro, yanzu Hajiya ce a ƙasa da ƙannena biyu, sama kuma 'yan haya ne gida uku. Filin da ke jikinmu ta gabas da wani tsohon gida ne na katako da langa-langa, magada suka sayar, wani kamfani ya saya ya rushe, an ce bene hawa bakwai za su ɗora har da wurin ajiye motoci a ƙarƙashin ƙasa.

Sati uku ke nan da suka kawo injina. Da farko wasu dogayen faranta na ƙarfe suka riƙa cusawa a ƙasa a jere a jikin katangarmu, da wani inji da kiren ke riƙe da shi yana karkarwa, in suka kunna shi kofuna har tafiya suke a kan tebur, gilashin taga na ƙara, Hajiya sai ta fito tsakar gida da carbinta ta zauna sai sun kashe. Kwana biyar suka yi suna wannan. Yanzu kuma sun koma haƙa ramuka masu zurfi da wani dogon inji mai kamar matsefata suna zura rodi suna ɗura kankare, shi wannan ba ya girgiza sosai sai dai ƙara, ga janareta da famfo dare da rana ba a kashewa suna zuƙe ruwa suna zubarwa a kwata.

To abin da ya ɗaga min hankali, tsaga ta fito daga saman ƙofar kicin ta tafi a karkace har kusa da silin, ƙofar ɗakin Hajiya da take rufuwa lafiya lau yanzu sai an sa kafaɗa, tayil biyu sun fashe a baranda, katanga kuma kamar ta ɗan jingina wajensu. Hajiya ma tana ta mitar wai rijiyar tsakar gida ta ja baya, igiyar guga ba ta kaiwa sai da aka ƙara, na ce mata Hajiya ana maganar gida zai faɗi ke kina ta rijiya. Na je na samu fomen ɗinsu, ko kallon kirki bai min ba, ya ce gidan ne ya tsufa, wai tsagar ta daɗe ba mu lura ba ne. Ni ɗan canji ne ban san komai a gini ba, kuma tun abin da ya faru a Ikoyi a 2021 da bene hawa 21 ya rufto a titin Gerrard mutum sama da arba'in suka rasu, ko ƙarar faɗuwar kwano na ji gabana faɗuwa yake. Mu kwashe Hajiya ne? Mu kai ƙara? Ko dai haka abin yake in sun gama zai tsaya?

Tsohon Magini

Wa alaikumussalam. Yaro Allah ya tsare. Na yi shekara sama da ashirin ina aikin gini a Ikko, daga lebura har na zama fomen, mun yi aiki a Lekki tun tana daji da fadama, yanzu na dawo gida Zariya gwiwa ta ƙi. Wannan maganar da fomen ya faɗa maka, wallahi ni ma da bakina na sha faɗa wa maƙwabta ita, Allah ya yafe mana, ita ce maganar farko da ake koya wa kowa a sayit: tsohuwar tsaga ce. Kuma in ba ka da shaida to ta zauna.

Kuskuren da kuka yi shi ne da ba ku ɗau hoton gidan ba tun ranar da aka sauke injin farko. Amma ba a makara ba, yau ɗin nan ba gobe ba ka zagaya gidan ɗaki ɗaki, ciki da waje, ka ɗau hoto da bidiyo, kowace tsaga ka kara mata rula ko ko da kwabo ne don a ga faɗinta, ka ja layi da fensir a inda ta tsaya sama da ƙasa ka rubuta kwanan wata a jikin bangon. Sannan ka kwaɓa siminti ɗan kaɗan ka shafa a kan tsagar kamar faɗin tafin hannu, siriri kar ka yi kauri, a wuri biyu ko uku, in ya ɗan sha iska ka rubuta kwanan wata da ƙusa. Wasu ɗan gilashi suke mannawa. In bayan kwana biyu uku ka ga facin ya tsage to bangon yana kan tafiya bai tsaya ba. Ka leƙa cikin tsagar kuma, sabuwa za ka ga cikinta tas bakinta da kaifi, tsohuwa kuwa da ƙura da yanar gizo wani lokaci har fenti ya shiga ciki. Katanga kuma ka ɗaure dutse a zare ka sako daga sama ka auna tazarar da ke ƙasa, kullum ka sake aunawa. Kar a bar yara su yi wasa a gindinta, katanga ita ce ke fara tafiya don fandeshonta ba zurfi.

Ka tona tsofaffin hotunan biki ko na sallah da aka ɗauka a gidan, ka tambayi ƙannenka mata su ne masu ɗaukar hoto ko'ina, in aka samu wanda ƙofar kicin ta fito a baya babu tsaga, ya fi lauya goma.

Sarkin Yaƙin Mile 12

Kai malam ka sayar musu kawai ka kwashi kuɗinka ka gina wa Hajiya gida a Kano ta huta da sauron Ikko 😂 dama abin da suke so ke nan, su girgiza ku har ku gaji

Injiniya Abuja

Sarkin Yaƙi ba lokacin wasa ba ne, akwai tsohuwa a gidan.

Ɗan Obalende sannu. Duk abin da Baba Magini ya faɗa ka yi shi, ni zan ƙara ne ta ɓangaren abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa, don a cikin bayaninka abin da ka raina shi ya fi tsaya min a rai, wato rijiyar Hajiya. Zan dawo kanta.

Su abin da ya sa suke wannan aikin, ƙasar tsibirin Ikko da Ikoyi da Lekki yawanci yashi ne sako-sako da laka mai taushi, wani wurin ma cike shi aka yi, ruwa kuma yana kusa, ka yi haƙa kaɗan ka same shi. Ba kamar tamu ta Kano ko nan Abuja ba da za ka samu jar ƙasa mai ƙarfi ko dutse kusa, shi ya sa mu a Arewa ba ka cika ganin fayilin ba sai a aikin gada ko babban bene. Can kuwa in za ka ɗora hawa bakwai dole ka kafa turaku na kankare su ratsa lakar su je su taka ƙasa mai ƙarfi, mita 20 ko 30 ba abin mamaki ba ne. Gidanku kuma na tabbata fandesho ne na gargajiya, haƙa ƙasa da mita biyu aka zuba kankare aka ɗora bulo, yana zaune ne a kan wannan yashin na sama. Duk abin da ya taɓa yashin ya taɓa ku.

Mutane girgiza suka fi tsoro saboda ita ake ji a jiki, amma jikin ɗan Adam ya fi bango saurin ji nesa ba kusa ba. Ana auna ta da milimita a daƙiƙa. Tun tana wajen 0.3 mutum zai fara ji a ɗaki, ta kai 1 an fara ƙorafi, amma ƙa'idar Ingila, BS 7385, sai wajen 15 take cewa filastar gidan zama na iya fara tsagewa, kuma in girgizar mai ɗorewa ce irin ta injin da ka kwatanta ana raba wannan adadin biyu. Jamusawa sun fi tsanani, a DIN 4150 gidan zama 5 suka sa, tsohon gini mai rauni 3. Ka ga kofi zai iya yawo a tebur bango bai ji komai ba. Matsalar ita ce a kan yashi sako-sako girgiza tana yin wani abu daban. Ka cika kwano da gero ka bubbuga gefensa, ai za ka ga ya zauna ya ragu. Haka yashin ƙarƙashin gidanku ya yi a kwana biyar ɗin da suka yi suna cusa farantan nan, ɓangaren da ke kusa da su ya fi zama, na nesa bai motsa ba, gida kuma ba roba ba ne, sai ya tsage a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga don nan ne raunin bango yake. Ƙofar da ta daina rufuwa ita ma alamar haka ce, firam ɗin ne ya murɗe.

Wancan ya wuce tunda sun gama cusawa, sai dai ka sani ranar da za su zare farantan ma girgiza ce, kuma suna barin gurbi a ƙasa, gara a sa su bar na jikinku a binne. Abin da bai wuce ba shi ne famfon. Don su haƙa wurin motoci a bushe dole su zuƙe ruwa, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san katanga ba, in ka ja a filinka na maƙwabci ma ya biyo. Ruwan nan yana ɗauke da wani kaso na nauyin ƙasar, in ya sauka sai lakar ta matse a hankali, gida ya bi ta, kuma wannan ba ya ƙara ba ya girgiza, kana barci yana faruwa. Rijiyar Hajiya ma'auni ce kyauta Allah ya ba ku, mu kuɗi muke kashewa mu haƙa irinta don kawai mu riƙa leƙa ruwa. Kullum da safe kafin a ɗiba ka zura igiya ka auna daga baki zuwa ruwa ka rubuta.

Sai abu na biyu, kuma dan Allah ka yi shi yau. Ka je inda tiyonsu ke zubar da ruwa a kwata ka tari cikin gorar roba fara, ka ajiye ta awa ɗaya. In ruwan garau ne da sauƙi. In yashi ya kwanta a gindi ka zo ka faɗa min.

Maganar kwashe Hajiya, ba zan yanke hukunci daga waya ba. A ƙa'ida tsagar da ba ta kai milimita 5 ba kyan bango kawai take ɓatawa, daga 5 zuwa 15 an fara maganar gyara na gaske, ta wuce 25 kuwa, wato babban yatsa na shiga, ana maganar tsaron rai. Amma saurin buɗewarta ya fi faɗinta muhimmanci. In tana ƙaruwa kullum, ko ka gan ta a jikin fila (ginshiƙi) ko bim (kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai) ko dakin (rufin kankare), ko ƙasan ɗaki ya fara lotsawa, kar ka jira kowa, ku fita har 'yan hayan. Ka samo injiniyan gini mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, wanda ba nasu ba ya zo ya gani da ido ya rubuta rahoto ya buga hatimi.

Ɗan Obalende

Innalillahi. Yallaɓai Injiniya na yi yadda ka ce, gora biyu na tara, wallahi ko minti ashirin ba a yi ba yashi ya kwanta kamar kaurin yatsa, kwatar layinmu ma duk ta cike da yashi ashe shi ya sa take ambaliya kwanan nan muna ta zagin masu shara. Rijiya kuma ƙanwata ta ce igiyar da aka ƙara ta kai kamu uku. Tsagar kicin na sa rula milimita 4 ce a sama, ƙasa kuma siririya. Baba Magini Allah ya saka, an samu bidiyon kamun ƙanwata na bara, a ƙofar kicin ɗin aka yi rawa bangon fes. Na ba Hajiya haƙuri kan maganar rijiya, ta ce dama ku yaran zamani ba ku jin magana sai ta fito daga waya.

Injiniya Abuja

To ka ga abin da nake gudu. Wannan yashin da ke cikin gorarka ba daga sama ya faɗo ba, ruwa ne ke jawo shi ta tsakanin farantan ko ta ƙarƙashinsu, kuma wani daga ciki daga ƙarƙashin gidanku yake fitowa. Kaurin yatsa a gora ɗaya, ka lissafa famfon da ke aiki awa 24 sati biyu. A haka ake samun kogo a ƙarƙashin daɓe ba wanda ya sani sai ranar da ya burma. Ka bi tsakar gida da gindin katanga kana ƙwanƙwasawa da taɓarya, inda ka ji yana amsawa kamar ganga ka yi alama.

Kuma kar su ce maka babu yadda za a yi, akwai. Zuƙar ruwa da aka yi ta daidai ana sa mata matata ne ta yadda ruwa kawai zai fito, ruwan ya zama garau. Ana toshe inda farantan ke yoyo. Ana iya mayar da wani ruwan cikin ƙasa ta ɓangarenku don kar naku ya sauka. Ramin kuma tunda a jikin gida yake dole a tokare farantan daga ciki da ƙarafa kafin a ci gaba da zurfi, in ba haka ba suna sunkuyawa cikin ramin ƙasarku na bin su, ina zargin abin da ya ja katangarku ke nan. Da tun farko sun yi niyyar kirki ma da ba su kawo injin karkarwa jikin tsohon gida ba, akwai na'urar da ke danna farantan a hankali da ƙarfin haidurolik ba girgiza, Japanawa suka ƙirƙiro ta, ko su yi bangon turakun kankare a jere manne da juna. Tsada ce kawai suke gudu. Su ma ramukan turakun in a yashi mai ruwa ne sai an zura bututun ƙarfe ko an cika su da ruwan yumɓun bentonait don kar bakin ramin ya rufta, kuma ba a haƙa biyu maƙwabtan juna a rana ɗaya kankaren farko bai kama ba. Injiniyan da za ka ɗauko ya tambaye su duk wannan, ya nemi rahoton gwajin ƙasarsu, ya kuma sa safiyo ya kafa alamomi a kusurwoyin gidanku ana duba lebur ɗinsu ko sau biyu a sati, da kuɗinsu ba naka ba.

Maman Ilham

Allah sarki Hajiya, Allah ya kiyaye. Ni a Manchester nake zaune kuma karanta wannan ya sa na tuna lokacin da maƙwabcinmu zai ƙara ɗaki a bayan gidansa, ɗaki ɗaya fa ba bene ba. Nan Ingila akwai doka tun 1996 a kan bangon da ke tsakanin maƙwabta, in za ka yi haƙa a cikin mita 3 daga ginin maƙwabcinka kuma haƙar za ta fi fandeshonsa zurfi, dole ka ba shi takardar sanarwa wata guda kafin ka fara, in haƙar mai zurfi ce sosai irin ta turaku har mita 6 dokar na kaiwa. Maƙwabci na da kwana 14 ya amsa, in bai yarda ba ko ya yi shiru sai a naɗa safiyo, kuma yawanci mai ginin ne ke biya. Mutumin ya zo gidanmu ya kusa awa biyu yana ɗaukar hoton kowane lungu, har wata 'yar tsaga a bayan firij da ni kaina ban san da ita ba, aka ba mu kwafi aka ba shi. A lokacin maigidana har tsaki yake wai Turawa da son takarda, mu da muke gaisawa da mutumin kullum. Da aka gama aiki filastar bandakinmu ta tsage, ba wanda ya ɗaga murya, aka buɗe hotuna aka ga da babu, ya turo mai gyara.

Abin da ke ba ni haushi mu da addininmu ya fi kowa maganar haƙƙin maƙwabci, ga hadisin la darara wa la dirar kowa ya haddace, amma ko 'yan'uwanmu in za su yi gini sai dai ka wayi gari ka ga katafila a jikin bangonka.

Barista A.

Ɗan'uwa ka daina zuwa wajen fomen, ba shi da ikon kashe famfo ko da yana so. Magana ta baki kuma a wannan harkar iska ce. Takarda za a rubuta zuwa ga mai ginin da kamfanin da ke aikin, a lissafa abin da ya lalace da ranakun, a haɗa hotuna da rahoton injiniya, a nemi su tsayar da zuƙar ruwa har a gyara yadda ake yinta, a yi duba na haɗin gwiwa, su kuma ɗau alhakin gyara a rubuce. Wanda ya karɓa ya sa hannu a kwafinka. Sunayensu na kan allon da ke bakin sayit, da lambar izinin gini, ka ɗau hotonsa. In babu allon ma wannan kansa abin faɗa ne.

Kwafi ɗaya ka kai LASBCA, hukumar da ke sa ido kan gine-gine a jihar Legas, suna da ikon dakatar da aiki su rufe wuri. LASPPPA kuma su ke ba da izinin tsarin gini, can za a gane ko hawa bakwai da ɗakin ƙarƙashin ƙasa aka amince musu ko ƙasa da haka. A cikin takardar ka nemi su nuna inshorarsu, tun a 2003 doka ta wajabta wa mai gina dogon bene irin wannan ya yi inshorar ɓarnar da sakacinsa zai jawo wa ma'aikata ko jama'a, har da dukiyarsu. In suna da ita kamfanin inshora ne zai biya, shi ya sa wani lokaci da an ambace ta sai ka ga sun sauko.

Gorar nan taka kuma ka adana ta, ban faɗa da wasa ba. Ka sake tarar wata ana ɗaukarka bidiyo tun daga bakin tiyo, da shaida a tsaye, ka rufe ka rubuta rana. A tsofaffin hukunce-hukuncen Ingila da kotunanmu suka gada an bambanta wanda ya janye ruwa zalla daga ƙarƙashin ƙasa da wanda ya janye yashi mai gudu da ke riƙe da filin maƙwabcinsa, na biyun ya fi wuyar kuɓuta. In suka yi kunnen ƙashi sai a je babbar kotu a nemi umarnin dakatarwa na gaggawa. Abu ɗaya zan ja kunnenka, za su iya zuwa da 'yan kuɗi da mai filasta su ce a shafe tsagar ka sa hannu an gama. Kar ka sa. Ƙasar da aka zuƙe wa ruwa tana iya ci gaba da zama watanni bayan an kashe famfo. Tunda gidan na gado ne kuma, sauran magada su sa hannu ko su ba ka wakilci a rubuce.

Tsohon Magini

Barista gaskiya ka faɗa amma kotu kafin a sa rana sun kai dakin na uku. Ni a ganina takardar a rubuta, amma kar yaron nan ya tafi shi kaɗai. Ya duba gidan da ke bayansu da na ɗaya gefen, na rantse su ma suna da tsaga, Bayarabe ne ko Inyamuri duk ya haɗa su, su tafi da shugaban masu gidajen layin da wakilin Sarkin Hausawa. Mai kuɗi ba ya tsoron mutum ɗaya amma yana tsoron a rufe masa sayit kwana goma injin haya na cin kuɗi a tsaye. Mun taɓa yin wani aiki da tsofaffin layi suka zo suka jera kujeru a bakin get, ba zagi ba faɗa, tifa ta kasa shiga, kafin la'asar mai ginin da ba mu taɓa ganin fuskarsa ba ya bayyana.

Ɗan Obalende

Salam jama'a, ku yi haƙuri kwana tara ban leƙo ba. Facin simintin da Baba ya ce in yi, na sama ya tsage a kwana na uku, daren nan muka mai da Hajiya gidan yayarmu a Agege, da ƙyar ta yarda, sai da ta sa aka ɗauko mata tukunyar tuwonta. 'Yan haya gida ɗaya sun tafi, biyu sun ce ba inda za su.

Na samu injiniya, wata mata ce Bayarabiya, ta zo da safiyo, ta ce fila da bim lafiya, kusurwar gabas ce ta zauna, kuma ta samu wuri ɗaya a gindin katanga da ƙasa ta zama kogo, sanda ta shige kusan rabi. Gidan bayanmu kuwa ashe sokawe ɗinsu ne ya tsage suna ta zargin mai yashe masai. Mu huɗu muka sa hannu a takarda, muka kai musu muka kai hukuma. Da muka zauna da manajan aikin ya fara da maganar tsohon gida sai na kunna masa bidiyon kamu na ajiye gora a tebur, injiniyarmu ta tambaye shi ina matatar famfonsu ina ƙarafan tokare, ya juya yana kallon nasa injiniyan.

Yanzu dai an dakatar da haƙa ta ɓangarenmu, sun kawo ƙarafa suna tokarewa, famfo ɗaya ake kunnawa maimakon biyu, ruwan da na tara jiya ya fi haske amma har yanzu da ɗan yashi. Sun yarda da awon safiyo Litinin da Alhamis, sun yarda za su cike kogon su sake katanga. Maganar barin farantan a ƙasa sun ce sai sun yi lissafi don na haya ne, inshora kuma kullum sai a ce mai takardar ya fita. Sun kawo wata takarda in sa hannu na tura wa Barista ta inbox, dan Allah ka duba min sakin layi na huɗu ban gane masa ba. Tsagar tana milimita 6 kwana huɗu ke nan ba ta ƙaru ba, rijiya ta ɗan taso kamar tafin hannu. Yallaɓai Injiniya, awon sati nawa ya kamata mu gani bai motsa ba kafin in dawo da Hajiya? Don kullum sai ta kira ni sau uku wai a Agege ba a iya cefane ba.